Lamba a ƙofa kaɗai ba za ta isa ba

Salam. Na karanta labarin nan kan shawarar tilasta wa masu gidaje rubuta lamba ɓaro-ɓaro a ƙofa, domin 'yan kwana-kwana da motar asibiti su riƙa gane wuri da sauri. Ina goyon baya, amma a dubi yadda Jos take.

A Rayfield abin da sauƙi. Amma shiga Unguwar Rogo, Gangare ko Rikkos, lunguna da yawa ko suna ba su da shi, balle lamba. Mutum zai kira lambar gaggawa ta 112 a ruɗe, a ce ina ne, ya ce bayan masallaci, kusa da mai shayi, gida mai jan ƙyaure. Mai shayin kuwa ya tashi tun ƙarfe goma. Kafin direba ya gama tambayar hanya, wuta ta cinye ɗaki biyu. Wani gidan kuma lamba uku za ka gani a bango: ta ƙidaya, ta masu wutar lantarki, ga ta masu rigakafin shan-inna da alli. Wacce za a bi?

Kundin tsarin mulki na 1999 ƙananan hukumomi ya ɗora wa sanya wa tituna suna da bai wa gidaje lamba. To ya kamata ƙaramar hukumar Jos ta Arewa ta fara yin nata, tare da masu unguwanni, kafin a zo ana maganar cin tara. Lambar kuma a yi ta babba da fenti mai ƙyalli, yadda ko an ɗauke wuta fitilar mota za ta haska ta.