Ku daina zaluntar Predator 2 don kawai babu Kwamando a ciki

Jerin nan da ake ta yaɗawa tun jiya, wanda aka jera finafinan Predator daga mafi kyau zuwa mafi muni sannan aka jefa na biyu can ƙarshe, jeri ne na rashin adalci, kuma abin da ya fi ɓata mini rai shi ne dalilin da mai jerin ya bayar. Dalilinsa guda ɗaya ne tak, wato babu Kwamando, Arnold Schwarzenegger ke nan, a ciki. Jama'a da dama suka bi bayansa suna gaskata shi, har wani ya ce tun zamanin kaset da ya duba bangon fim ɗin bai ga fuskar Arnold Schwarzenegger ba, sai ya mayar wa mai shago abinsa, kuma bai ƙara waiwayarsa ba har yau. Wanda ya faɗa da bakinsa cewa bai kalli fim ba, ba shi da hurumin yanke masa hukunci, balle ya ɗora The Predator na 2018 a samansa.

Sunan fim ɗin ma ya isa ya nuna wa mai hankali inda aka dosa. Labarin na maharbi ne, wata halitta da take saukowa daga wata duniya domin farautar ɗan Adam, kuma wannan maharbi yana da dokar da yake bi. Fim na farko, wanda John McTiernan ya ba da umarninsa a 1987, ya ɗan leƙa da mu cikin wannan doka. Mun ga dodon bai taɓa Anna, matar da sojojin suka kama a daji, ba saboda ba ta riƙe da makami, har Dutch, shugaban sojojin da Arnold ya taka rawarsa, ya gane hakan ya hana ta ɗaukar bindiga. Mun ji daga bakinta cewa a shekarun da zafi ya fi tsanani ne abin yake zuwa. A ƙarshe kuma mun ga ya cire bindigar kafaɗarsa da abin rufe fuskarsa domin ya kara da Dutch da hannu. Iyakar abin da aka nuna mana ke nan. Predator 2, wanda Stephen Hopkins ya ba da umarninsa a 1990, shi ne ya ɗauki wannan ɗan abin da aka leƙa ya mayar da shi cikakkiyar al'ada mai tarihi da ƙa'ida da dattawa. Duk wani fim da ya biyo baya a kan wannan gini ya tsaya.

Ga wanda ya manta, an kai labarin birnin Los Angeles na shekarar 1997, a cikin tsananin zafi, ana tsaka da yaƙi tsakanin gungun dillalan ƙwaya na Kolombiya da na Jamaika, 'yan sanda kuma suna tsakiya. Wato an haɗa wa maharbin abubuwa biyun da suke jawo shi, zafi da zubar jini. Ku tuna yaron nan a maƙabarta da ya nuna masa bindigar wasa. Dodon ya duba ta, ya gane ta roba ce, ya ƙyale yaron. Ku tuna jirgin ƙarƙashin ƙasa, inda ya karkashe masu riƙe da makamai, har da ɗan sanda Jerry Lambert, sannan ya damƙe 'yar sanda Leona ya ɗaga ta sama tana hannunsa babu mai ceto, amma da ya hango ɗan tayi a cikinta sai ya sake ta. Wannan wuri kaɗai ya fi ƙarfin a kira fim ɗin shirme. Mugun da ke kashe duk wanda ya gani ba ya barin komai a zuciyar mai kallo idan an tashi. Wanda yake da ikon kisa, yana kuma da iyakar da ba ya ƙetarewa, shi ne yake hana mutum barci, domin dole ka tambayi kanka wane irin tunani ne a cikin wannan kai, kuma a wane matsayi ya ajiye mu.

Sai kuma ƙarshen fim ɗin, wanda a ganina babu wurin da ya kai shi a dukan jerin. Laftanar Mike Harrigan ya bi dodon har cikin kumbonsa da ke ɓoye a ƙarƙashin birnin, ya ga bango cike da ƙoƙunan kawunan halittu iri-iri da aka farauto, ciki har da na dodon fim ɗin Alien, abin da ya share fagen haɗa su a fim ɗaya a 2004. Ya kashe abokin karawarsa da makamin dodon kansa, wato faifan nan mai kaifi. Yana tsaye a galabaice sai ga sauran 'yan uwan mamacin sun bayyana sun kewaye shi, kowa da makaminsa. Da sun ga dama da sun gama da shi nan take. Maimakon haka sai suka ɗauke gawar ɗan'uwansu, babbansu kuma ya jefo masa wata tsohuwar bindigar hannu irin ta toka, an zana mata suna Raphael Adolini da shekarar 1715. Da wannan kyauta guda ɗaya aka sanar da mu cewa sun ɗauki ɗaruruwan shekaru suna zuwa duniyar nan, cewa suna girmama wanda ya yi nasara a kansu bisa ƙa'ida, kuma ba sa ɗaukar fansa a kan kisan da aka yi a fagen fama. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ya san wannan hali, domin idan aka kashe ɗan dambe, wato ya kai ƙasa, mutanen ɓangarensa janye shi suke yi, ba su far wa wanda ya buge shi ba.

Abin takaicin shi ne mutanen da suke zagin Predator 2 su ne suka fi kowa yabon Prey na 2022, suna cewa shi ne ya dawo wa jerin da martabarsa. Ni ma ina cikin masu yabonsa, Dan Trachtenberg ya yi aiki, Amber Midthunder ta taka rawar Naru yadda ya kamata. Amma bindigar da Naru ta samu daga hannun tafintan mafarautan Faransawa a 1719 ita ce dai wadda aka jefa wa Harrigan. Ba daidai ba ne a ci moriyar ganga a ya da kwaurenta.

Na san abin da za a ce. Za a ce Danny Glover, wanda ya taka rawar Harrigan, ba shi da ƙirar Arnold, kuma gaskiya ne ba shi da ita. Sai dai wannan ƙarin ƙarfi ne ga labarin. Dutch soja ne na musamman mai ƙirar da ba kowa ke da ita ba, saboda haka mai kallo ya shiga da yaƙinin cewa ko ta yaya zai tsira. Harrigan ɗan sanda ne da ya haura shekara arba'in, gumi ya jiƙe masa riga tun daga farkon fim har ƙarshe, yana tsoron hawa wuri mai tsayi, manyansa suna taka masa burki, jami'in gwamnatin tarayya Peter Keyes yana korar sa daga binciken. Abin da yake tura shi gaba shi ne an kashe masa amini, Danny Archuleta, dodon kuma ya rataye masa sarƙar wuyan mamacin a maƙabarta domin ya tsokane shi. Idan irin wannan mutum ya kayar da maharbin, nasarar ta fi nauyi, girmamawar da dattijon dodannin ya yi masa ita ma ta fi ma'ana. Ko a fim na farko, ƙwanjin Dutch bai cece shi ba, domin dodon ya yi ta wurgi da shi kamar yaro. Taɓon da ya ɓoye zafin jikinsa da tarkon gungumen da ya ɗana su ne suka fitar da shi. Wanda yake ganin ƙwanji ne sirrin Predator bai fahimci ko na farkon da yake yabo ba.

Za a kuma kawo zancen kuɗi, cewa na farko ya tara kusan dala miliyan 98 a duniya, na biyu kuma wajen miliyan 57. Wannan lissafin masu kamfani ne, kuma abin da yake nunawa kawai shi ne mutanen 1990 ma sun yi irin kuskuren da mai jerin jiya ya yi, suka duba bango ba su ga tauraron da suka saba ba suka juya. Za a ce an zana mutanen Jamaika da mummunan kama, an jingina musu tsafe-tsafe da shaye-shaye fiye da kima. Wannan ƙorafi yana da tushe, kuma ban ji daɗin yadda aka nuna shugabansu King Willie da yaransa ba. Amma mai jerin bai kawo wannan dalili ba, babu kuma ko ɗaya cikin masu mara masa baya da ya kawo shi. Kwamando suka ce, a kan Kwamando kuma nake ba su amsa.

Ban ma tsaya a kan mayankar ba, inda Keyes da mutanensa suka sa tufafin da ke ɓoye zafin jiki suna zaton sun makantar da dodon, shi kuwa ya yi ta sauya yanayin ganinsa har ya hango hasken fitilunsu, ya mayar da masu tarko abin farauta. A nan aka nuna cewa dabarar taɓo ba ta ci sau biyu, domin maharbin yana da ilimi kuma yana sauya salo. A fim ɗin ne muka fara ganin mashinsa mai miƙewa, da ragarsa mai yanka jiki, muka kuma ga yadda yake yi wa kansa magani bayan Harrigan ya datse masa hannu. Kevin Peter Hall, dogon mutumin da ya sa rigar dodon a finafinai biyun farko kafin rasuwarsa a 1991, ya ba halittar tafiya da tsayuwa irin na mai taƙama da sana'arsa, kuma a na biyun ne aka fi ba shi filin nuna hakan.

Wani abu da Prey ya yi wanda nake so masu fassara mana finafinai zuwa Hausa su duba shi ne an fitar da shi da cikakkiyar fassarar murya cikin harshen Comanche, harshen mutanen da labarin yake magana a kansu. Idan har za a fassara Predator 2 zuwa Hausa, roƙona shi ne a bar wurin Leona da wurin bindigar 1715 yadda suke, kada a cika su da barkwanci da surutun da babu shi a asali, kuma a karanta wa mai kallo abin da aka zana a jikin bindigar da shekararsa, domin yaran da suka fara da Prey su gane daga inda ta fito.