Lensinka ya yi sallama kuwa? Nasiha gare mu masu yawo da kyamara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wannan maganar ta daɗe tana cina, kuma kaina nake fara yi wa ita kafin kowa, don ni ma ina cikin masu rataya kyamara a wuya duk ƙarshen mako, ba don kuɗi ba, sha'awa ce kawai Allah Ya sa mana. Kullum a guruf ɗinmu na masu ɗaukar hoto tambaya ɗaya ce ake ta maimaitawa, wane lensi, wato gilashin gaban kyamara, zan saya, 50mm ne ko 70-300mm, Canon ko Nikon ko Sony, amma ban taɓa jin wani ya tambaya ina ne ya halatta in saita lensin nan ba.

Bari in ba ku abin da ya faru da ni. Lokacin da na sayi lensin 70-300mm, wato dogon lensi mai jawo abin da yake nesa kusa, murna ta hana ni zama, da yamma bayan La'asar na hau Dutsen Dala don in gwada shi. Duk wanda ya taɓa hawa ya san yadda birni yake shimfiɗe a ƙasa, ga Goron Dutse can, ga hasumiyoyin babban masallaci, ga unguwanni sun haɗe da juna kamar saƙar tabarma. Kyamarata irin mai ƙaramin sensa ce, wato ɓangaren da hoto yake sauka a kai a cikinta, to 300mm a jikinta yana zama kamar 450mm, abin da yake can nesa sai ka gan shi kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Ina ta ɗauka ina ta ɗauka, sai na ɗan saukar da lensin ƙasa, kawai sai ga ni a tsakar gidan wasu mutane, wata baiwar Allah tana zaune kan tabarma ba ɗankwali tana yi wa 'yarta kitso, hasken yamma ya sauka a kansu gwanin kyau, wallahi kafin in yi tunani yatsana ya riga ya danna.

Akwai wani dattijo zaune kusa da ni yana jan carbi, tun ɗazu yana kallona. Ya ce ɗana zo in ga abin da kake ɗauka. Na kai masa da ɗoki na, ina nuna masa ɗaya bayan ɗaya yana cewa masha Allah, har muka zo kan wannan hoton. Ya yi shiru, sannan ya ce, ɗana, wannan gidan ka yi sallama kafin ka shiga? Na ce Baba ai ban shiga ba, daga nan na ɗauka. Ya ce to mai gidan da ya gina zaure ya ɗaga katanga, ƙafarka yake tsoro ko idonka?

Jikina ya yi sanyi. A gabansa na goge hoton, na ce Baba na gode Allah Ya saka da alheri, ya ce Allah Ya yi maka albarka. Ban sake ganinsa ba har yau amma maganar nan ba ta bar ni ba.

Daga baya ne na ji hadisin a wajen karatu, na Sahlu ɗan Sa'ad, yana cikin Bukhari da Muslim. Wani mutum ya leƙa ta wata kafa cikin ɗakin Manzon Allah (SAW), a lokacin yana riƙe da wani abu kamar mashaci yana sosa kansa, sai ya ce da na san kana kallona da na soke maka ido da shi, ai an sanya neman izini ne kawai saboda gani. Ku duba fa, saboda gani. Mu kuma mun je mun kashe kuɗi mun sayo abin da aikinsa kenan, ya kai ido inda ƙafa ba ta isa ta je ba sai da sallama. Gidan Bahaushe sama a buɗe take, sirrinsa duk yana jikin katanga ne da zaure, to dogon lensi daga kan dutse ko bene, balle yanzu da jirgin nan marar matuƙi ya shigo hannun kowa ana tashinsa a biki da suna, ba ruwansa da zaure. Allah Ya ce a Suratul Hujurat aya ta 12 kada ku yi bincike, wato leƙen asirin mutane, Ya ce a Suratun Nur aya ta 30 a gaya wa muminai su runtse daga ganinsu, kuma ban ga inda aka cire wanda yake kallo ta cikin gilashi ba. Abin da ya fi ba ni tsoro ma shi ne kallo na ido yana wucewa, amma hoto yana zama a memori, ya koma waya, ya hau Facebook ko Instagram, wani ya kwafa wani ya tura, kai kana kabari ana ta kallon matar mutane da sa hannunka a ƙasa.

Na san malamai sun yi saɓani a kan hukuncin hoton mai rai shi kansa, wasu sun hana sai da larura, wasu sun ce na kyamara ba ya shiga cikin hanin, wannan kowa ya koma wa malaminsa. Ni maganata a kan wanda ya riga ya ɗauki kyamarar ne.

Ba ina cewa dogon lensi haramun ba ne, a'a. Yana da wurinsa. In ka je Hawan Daushe ka tsaya wajen Ƙofar Kudu mahaya sun sako dawakai a guje suna jahi, ai ba za ka shiga gabansu da 35mm ba sai dai in kana neman a tattake ka, nan 70-200mm ko 70-300mm shi ne maganin. Haka giwaye a Yankari, haka tsuntsayen da suke sauka a fadamar Haɗeja da Nguru lokacin sanyi, haka masunta a Argungu in sun afka kogin Matan Fada da ƙorensu da homa. Waɗannan duk abubuwa ne na fili, an fito ne don a gani. Amma ko a Yankarin, in ka gangara ruwan Wikki ka tarar iyalai suna wanka, mayar da kyamararka jaka, ruwan ba zai gudu ba, ka dawo da sassafe kafin mutane su zo.

Shi ya sa duk sabon shiga da ya tambaye ni nake ce masa fara da 50mm f/1.8. Na farko yana cikin mafi arha, ba sai ka ci bashi ko ka taɓa kuɗin cefane ba, yana da haske ko gari ya fara duhu, yana dusashe bayan mutum ya fito da fuska tas. Amma babban dalilina shi ne ba ya zum, wato ba a murɗa shi a jawo abu kusa, ƙafarka ce zum ɗin. In kana son hoton mai rini a Ƙofar Mata dole ka taka ka je, ka yi sallama, ku gaisa, ka ce Malam don Allah zan iya ɗaukarka kana aiki, in ya ce a'a ka ce na gode ka wuce ba tare da ɓacin rai ba. In ya yarda kuma ka nuna masa a allon kyamarar, ka gaya masa gaskiya in za ka sa a intanet. Na sha gwadawa, hotunan da na ɗauka bayan gaisuwa sun fi waɗanda na sata kyau nesa ba kusa ba, don mutum ya saki jiki da kai.

Sai maganar almajirai da mabarata da marasa lafiya, nan kam muna da laifi sosai. Yaro yana zaune da robarsa, rigarsa a yage, ka ɗauke shi ka mayar baƙi da fari ka rubuta wata doguwar magana ta tausayi a ƙasa, ana ta danna maka so ana yabon gwanintarka, shi kuwa ko naira hamsin bai gani ba kuma bai san fuskarsa ta zaga duniya ba. In ɗanka ne ko ƙaninka za ka yarda? Haka in an yi haɗari a hanya, mutane kwance cikin jini, wasu tufafinsu sun yaye, maimakon a rufe su sai a zaro waya. Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya suturta musulmi Allah zai suturta shi duniya da lahira, mu kuma muna rige-rigen wanda zai fara watsawa, har iyalan mamaci su fara ganin gawarsa a WhatsApp kafin a kira su.

Tafiya kam alheri ce, Allah da kanSa Ya ce a Suratul Ankabut aya ta 20 ku yi tafiya a cikin ƙasa ku duba yadda Ya fara halitta. Na tsaya gaban hasumiyar masallacin Agadas, mita 27 ta laka zalla da itatuwa sun fiffito a jikinta, na kuma tsaya gindin Gobarau a Katsina, kuma abin da na lura da shi a kaina shi ne sai in gama ɗauka in juya ban ma ce subhanallah ba, ban kalli wurin da idona ba sai ta cikin kyamara. Ga kuma jarrabawar lokaci, duk mai hoto ya san haske mafi kyau shi ne na bayan fitowar rana da na gab da faɗuwarta, wato ɗaya yana manne da Asuba ɗaya yana manne da Magariba. Sau nawa ake kiran sallah muna cewa bari in ƙara ɗaya ja-ja-jan nan bai gama ba, sau nawa La'asar take wuce mu a filin hawa don kar wani ya ƙwace mana wurin tsayuwa? Matafiyi an yi masa rangwamen ƙasaru da haɗa salloli, sai mu koyi hukuncinsa mu tsara tafiyar a kai. Ni yanzu cikin jakar kyamara, kusa da batir da ɗan ƙyallen goge ƙurar hunturu, akwai ƙaramar darduma, kuma da alwala nake fita, in na hau Dala da yamma kuma lensin yana kallon sama da hasumiyoyi ne, da an fara kiran Magariba nake rufe shi in sauko.