A Kira Yara In Za A Auna Zakkar Kono

Assalamu alaikum iyaye, musamman mu na nan Gusau.

Ɗazu da la'asar a wani lungu na Tudun Wada wata mata ta tsaya ƙofar wani gida, goye da jariri, 'yar yarinya na riƙe da gefen zanenta. Ba ta ma gama sallama ba wani yaro da bai wuce shekara 7 ba ya leƙo daga zaure ya ce, "Allah ba da haƙuri, babu." Ko ciki bai shiga ya tambaya ba, ga ƙamshin suya har waje. Matar ta ce, "To ɗana, Allah shi yi albarka," ta yi gaba.

Yaron nan hadda ya kawo, kuma a gida ya haddace ta. Ya sha jin uwarsa na faɗin haka daga cikin ɗaki, ya sha jin ubansa na cewa "je ka ce ba na nan", har ya gane cewa mai irin wannan sallama ba sai an tashi kowa dominta ba.

Ku dubi yadda muke shirya yara in Sallah ta gabato. Tun azumi bai kai goma ba an kai ɗinki wurin tela. Shadda, hula, takalmi, tabarau. 'Yan mata a yi musu kitso da lalle, a saya musu 'yar jaka. Jakar ta mece ce? Ta tara barka da Sallah. Ana saukowa daga Idi sai a jera su: ku je gidan Kawu, ku biya ta gidan Gwaggo, kada ku manta da Alhaji na bakin titi, shi sababbin kuɗi yake rabawa. Da yamma su dawo a zube a ƙirga, wanda ya fi tarawa a yaba masa wayo. (Uwar da ke karɓewa ta ce za ta ajiye masa, wannan zance ne na wata rana.) Zumunci alheri ne, goron Sallah kuma farin cikin yara ne, ba mai hanawa. Amma Manzon Allah (SAW) ya ce hannun da ke sama ya fi hannun da ke ƙasa. Mu kuwa Sallah ta zo ta wuce hannun yaro yana ƙasa, ko sau ɗaya ba mu ɗaga masa shi ba.

Wani zai ce, ai ni ina bayarwa. Na yarda, Alhaji. Ka tura kuɗi ta waya, saƙo ya shigo, ladanka na nan in Allah ya so. To me ɗanka ya gani? A saninsa Baba yana latsa waya ne kamar kullum.

A gidajen iyayenmu, in azumi ya kai 28 ko 29, tabarma ake shimfiɗawa a tsakar gida, a fito da gero ko dawa. Maigida ya durƙusa yana awo, mudun Annabi huɗu a kan kowane mutum, yana kiran suna: wannan na Inna, wannan na wane, wannan na wance, har jaririn da aka haifa cikin azumi. Yaro na tsaye ya ji an kira sunansa, ya ga hatsin da aka zuba dominsa. Daga nan a ƙulla a ɗora masa a kai, a ce kai wa tsohuwar nan ta bayan masallaci. Hadisin Ibn Umar ƙarara ya ce an wajabta zakkar kono a kan babba da yaro, namiji da mace. Addini da kansa ya sa sunan ɗanka cikin masu fitarwa, don me za ka auna yana waje yana ƙwallo? Kuma a tuna, kafin sallar Idi ake so ta isa hannun mai ita. In ta wuce haka ta zama sadaka kamar sauran sadakoki, kamar yadda ya zo a hadisin Ibn Abbas.

Hajiya, ke ma ki tsaya. Ranar Sallah yara ne 'yan aike, kuma idonsu na kan kwanukan. Kula mai kyau da cinyoyin kaji ta tafi gidan surukai, da gidan da aka san za su mayar da ita cike. Almajiri kuwa sai ƙanzo da tuwon jiya da ya fara tsami. In Babbar Sallah ce, cinyar rago ta tafi gidan wanda shi ma ya yanka, mabukaci ya samu ƙashi, sauran a soye a ɓoye har cika-ciki. Allah ya hana mu a Suratul Baƙara, aya ta 267, mu nufi mummuna mu ciyar daga gare shi alhali mu kanmu ba za mu karɓe shi ba sai da runtse ido. Yarinyar da ta kai kwanukan nan biyu ta riga ta koyi wa ake girmamawa da wa ake sallama, ba sai kin ce mata komai ba.

Kuma a Zamfara ta yau ba sai an je nesa neman mabukaci ba. Matan da suka gudo daga ƙauyukan Zurmi, Shinkafi, Maru, Maradun da Tsafe suna nan cikin kangaye a unguwanninmu. Da yawansu da rumbunansu suke a da, su ma suna auna zakkar kono su aika wa wasu. 'Yan bindiga ne suka raba su da gona da miji. Wa ya ba mu tabbacin gobe?

Muna koya wa yaro sallah tun yana shekara 7, muna lallaɓa shi ya yi azumin rabin yini. Rubayyi'u bint Mu'awwiz ta ce suna sa yaransu azumin Ashura, su yi musu abin wasa da gashin tumaki, in sun yi kukan yunwa su ba su abin wasan har lokacin buɗa baki. Da aiki suka koyar. Kyauta ma haka take, sai hannu ya saba. Wanda kuma ya ce shi ma ba shi da shi, ya tuna matar da ta zo wa Nana A'isha da 'ya'yanta mata biyu, ba a samu komai a ɗakin ba sai dabino ɗaya, aka ba ta. Ya tuna wasiyyar Annabi ga Abu Zarri, in ya dafa romo ya ƙara ruwa ya tuna maƙwabta.

In kun aiki yaro, ku koya masa ladabin kaiwa. Ya yi sallama, ya durƙusa ya gaida ta, ya ce "Inna, an ce a kawo miki," ya miƙa da hannun dama. Kada ya dawo yana ba abokansa labarin gidan da ya kai. Don girman Allah kuma a bar ɗaukar hoton yaro yana miƙa wa tsohuwa leda a ɗora a Facebook. Gori da cutarwa na ɓata sadaka, aya ta 264 ce a Suratul Baƙara.

Kwanaki kaɗan suka rage. In za a auna, a kira yara. Cikin kuɗin barka da Sallarsu a bar kowa ya cire abin da ransa ya so, ya zaɓi wanda zai ba, ku raka shi har ƙofar. Don Allah iyaye, a kira su.