Sun Raba Dashe, Sun Ce Sun Tallafa Mana

Duk wanda zai sake cewa an tallafa wa masu lambu a arewacin Kamaru, don Allah ya zo ƙauyukan gefen Garwa a watan Afrilu, ya shaƙi warin mangwaron da ke ruɓewa a gindin bishiya, sannan ya buɗe baki.

Tallafin da ake ta kururutawa a rediyo dashe ne kawai. A kawo dashen kashu ko na mangwaro mai aure a baƙar leda, a kafa rumfa, a yi jawabi da Faransanci, a ɗauki hoto, motoci su tada ƙura su wuce. Mu namu ma sai da damina ta kusa ɗaukewa ya iso. To daga Nuwamba har ƙarshen Maris ruwan sama ba ya sauka a nan, zafin bazara kuma yakan haura digiri 40. Kashu sai ya yi shekara uku ko huɗu kafin ka ga 'ya'yansa. Wa zai shayar da shi a ranin farko? Wa zai saya maka wayar shinge don kada awaki da shanu su cinye? Wanda ya tsira daga bakin dabba, gara na jiransa. Amma a takarda duk wanda aka raba an ƙidaya shi bishiya!

Ga ruwa kwance a madatsar Lagdo tun 1982, ga kogin Binuwai na wucewa ta gabanmu, mai lambu kuwa sai ya sayi mai ya tada inji. Litar fetur da take sefa 630 ta koma 730 a 2023, ta sake tashi zuwa 840 a 2024. Zuwa-zuwan da muke lallaɓawa da shi, wato fetur ɗin da ake fasa-ƙwaurinsa daga Najeriya, tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023 shi ma ya fi ƙarfin talaka. Ko lita ɗaya ba ta cikin tallafin da ake cewa an ba masu lambu.

Kuɗin da ake cewa akwai kuma, sai kana da GIC (wato ƙungiyar haɗin gwiwa) mai rajista, da tarin takardu, da wanda ya san ka a ofis. Mun ga mutanen da ko gatari ba su taɓa riƙewa ba sun zama shugabannin manoma dare ɗaya.

Inda abin ya fi ƙona rai shi ne lokacin da bishiya ta yi 'ya'ya. Mangwaro duk lokaci guda yake nuna, ƙuda na huda shi yana zuba tsutsa, babu ɗakin sanyi, babu wurin busarwa ko matse shi. Dillali ya san ba ka da mafita, sai ya zo ya saye bishiya sukutum tun tana ɗanya, da kuɗin da ya ga dama. In ka yi zuciya ka ɗora a mota da kanka, ramukan hanyar Ngaundare da shingayen da kowanne sai ka miƙa wani abu za su cinye ribar, na ƙasan kwando kuma ya dame kafin ka isa tashar jirgin ƙasa. A shagunan Garwa kuwa ruwan 'ya'yan itace na kwali da aka shigo da shi daga waje ake sayarwa.

Bana in masu raba dashen za su zo, su bar rumfar da kujerun a gida. Su kawo dashen a watan Yuni, su haɗo da injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana, su kuma gaya mana wanda zai sayi kayan da nawa zai biya.