Tallafin tsaron intanet daga Amurka: a karɓa, amma a san ladan wa ake ci

Ranar 8 ga Mayun 2022 Rodrigo Chaves ya sha rantsuwar zama shugaban ƙasar Kosta Rika, kuma a ranar ce ya sa hannu kan dokar ta-ɓaci. Ba yaƙi ake yi ba, ba girgizar ƙasa aka yi ba. Wasu 'yan kutse da ake kira Conti, waɗanda ake dangantawa da Rasha, su ne suka shiga kwamfutocin ma'aikatar kuɗi tun a watan Afrilu suka kulle su, suka ce sai an ba su fansar dala miliyan 10, daga baya suka ninka ta zama miliyan 20. Karɓar haraji ta tsaya, kaya suka yi cirko-cirko a kwastam. Kafin watan Mayu ya fita wani gungun kuma ya afka wa hukumar da ke kula da asibitocin gwamnati, likitoci suka koma biro da takarda, majinyata suka zo suka tarar babu sunansu a layin ganin likita.

A watan Maris na 2023 Amurka ta sanar da ba ƙasar tallafin dala miliyan 25 domin ta gyara tsaron intanet ɗinta. Ta yi wa Albaniya irin wannan alkawari bayan kutsen 2022 da aka ɗora wa Iran alhakinsa. Ƙasar da ta ga asibitocinta sun durƙushe ba za ta ƙi wannan kuɗi ba, kuma ban ga laifinta ba.

Sai dai a watan Agustan 2023, Chaves ya fitar da doka cewa kamfanin da ƙasarsa ba ta shiga Yarjejeniyar Budafes kan laifukan intanet ba, ba zai sa hannu a aikin 5G, wato sabuwar fasahar sadarwar wayar salula, na Kosta Rika ba. Dokar ba ta ambaci sunan kowa ba, amma Chaina ba ta cikin yarjejeniyar, don haka Huawei, kamfanin kayan sadarwa na Chaina, ya san da shi ake, kuma ofishin jakadancin Chaina ya fito ya yi ƙorafi. Ba na cewa an rubuta wannan sharaɗi a takardar tallafin. Ba sai an rubuta ba. Kowa ya ci ladan kuturu ya san akwai aski a gaba.

Amurka kanta ba ta ɓoye manufarta. A dokar CHIPS ta 2022 majalisar dokokinta ta ware wa ma'aikatar harkokin waje dala miliyan 500, miliyan 100 duk shekara har shekara biyar, don harkar ƙananan na'urorin kwamfuta da kuma taimaka wa ƙawayenta su rungumi abin da take kira amintacciyar fasahar sadarwa. A 2022 ɗin ne kuma ma'aikatar ta buɗe sashe na musamman kan harkokin intanet, da jakada sukutum a kansa. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda kuɗin ke aiki a ƙasa. Kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito a 2023 yadda aka yi da kwangilar shimfiɗa wayar intanet ta ƙarƙashin teku daga Singafo zuwa Faransa. Kamfanin HMN Tech na Chaina ya nemi kusan dala miliyan 500, ƙasa sosai da farashin SubCom na Amurka. Sai wata hukumar Amurka ta yi wa kamfanonin sadarwa biyar da ke kan hanyar wayar tayin tallafin horas da ma'aikata na dala miliyan 3.8, jami'an diflomasiyya kuma suka riƙa tuna musu cewa takunkumi na iya hawa kan kamfanin Chainan. SubCom ya rage farashi zuwa kusan miliyan 600, ya kuma samu aikin. Dala miliyan huɗu ba ta cika ba, ta taimaka wajen juya akalar kwangilar miliyan ɗari shida.

Kuɗin da dokar CHIPS ta ware ba ya isa sayen kaya. A cikin gidanta, da Amurka ta ce ƙananan kamfanonin waya su tumɓuke na'urorin Huawei da ZTE, wani kamfanin Chainan, ta ware dala biliyan 1.9 a 2020, sai buƙatun da aka kawo suka doshi biliyan 5, sai a ƙarshen 2024 majalisa ta amince da cikon. Wannan fa ƙananan kamfanoni ne na karkara a ƙasa ɗaya. To miliyan 100 a shekara, a raba wa duniya, turakun sadarwa nawa za ta canza? Abin da take iya saye shi ne horo, da taron bita, da ƙwararren da zai zauna kusa da mai rubuta doka. Wato alƙalami ake nema, ba turaku ba.

Shin tsoron da ake yi wa kayan Chaina ƙarya ne? Ba zan ce haka ba. A 2018 jaridar Le Monde ta Faransa ta ruwaito cewa kwamfutocin hedikwatar Tarayyar Afirka a Adis Ababa, ginin da Chaina ta yi kyauta aka buɗe a 2012, sun yi shekaru suna tura bayanai zuwa Shanghai cikin dare. Chaina ta musanta, shugabannin Tarayyar ma suka musanta, amma zancen bai mutu ba. Sai dai mai ba da shawarar ma yana da nasa tarihin. A 2020 aka bankaɗo cewa kamfanin Crypto AG na Suwizalan, wanda ya sayar wa ƙasashe sama da 120 na'urorin ɓoye saƙonnin sirri, ashe mallakar hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA ne da takwararta ta Jamus, suna karanta abin da kwastomominsu ke aikawa. Kafin nan, a 2013, bayanan sirrin da Edward Snowden ya fallasa sun nuna har wayar Angela Merkel, shugabar gwamnatin Jamus ta lokacin, ba ta tsira daga leƙen asirin Amurka ba. Saboda haka duk lokacin da aka ce mana na'ura amintacciya ce, sai mu tambaya: wa ya amince da ita, kuma daga wa take kare mu?

Mu a Najeriya zancen ya shafe mu kai tsaye. Kaso mai yawa na hanyoyin sadarwar Afirka kamfanonin Chaina ne suka gina, saboda sun zo da araha, bankin Exim na ƙasarsu kuma ya zo da bashi. Kashi na biyu na aikin Galaxy Backbone, kamfanin sadarwa na gwamnatin tarayya, kaɗai bashin dala miliyan 328 ne. A gefe guda, shirin bunƙasa fasahar intanet da Shugaba Biden ya sanar a taronsa da shugabannin Afirka a Disamban 2022 ya yi alkawarin zuba sama da dala miliyan 350 ne ga nahiyar baki ɗaya. Sannan gwamnati ta sauya a Washinton, aka rufe hukumar ba da tallafi ta Amurka, USAID, a 2025, duk wanda ya jingina shirinsa da ita ya wayi gari babu madafa. Shi ma bashin Chainan ba tsira ba ne. Mazauna Abuja sun san kyamarorin tsaron da aka ba ZTE kwangilarsu a 2010 kan kusan dala miliyan 470, sun kuma ga yadda sandunan suka tsaya a bakin titi ba aiki, wasu an kwashe musu faranti da batir. Har sai da wata babbar kotun tarayya ta umarci gwamnati a 2023 ta yi bayanin inda kuɗin ya shiga.

Akwai abin da ake yawan tsallakewa a labarin Kosta Rika. 'Yan Conti ba ta turakun Huawei suka shiga ba. Binciken masana ya nuna da kalmar sirrin shiga da aka sace suka buɗe ƙofa. Irin wannan rauni ba ruwansa da tutar da ke jikin na'ura. Tsohuwar manhajar da ba a sabunta ba ce, da ma'aikacin da bai san saƙon tarko ba, da ma'aikatar da ba ta ajiye kwafin bayananta a wani wuri daban ba, da injiniyan da aka horas ya ga albashinsa ya tattara ya tafi Kanada.

Nan ne nake ganin ya kamata a karkatar da tallafin in ya zo, daga Amurka ne ko Turai ko Chaina. A nemi horon mutanenmu, a ƙarfafa cibiyar ngCERT da ke kai ɗauki idan an yi kutse, a nemi damar da injiniyoyinmu za su binciki abin da aka girka mana, a ƙi miƙa wuya ga kamfani ɗaya. Muna da dokar kare bayanai ta 2023, kuma mun shiga Yarjejeniyar Budafes tun 2022, don haka ma'aunin tantance kamfani muna iya rubuta shi da kanmu, ya hau kan kowa. Kafin wani minista ya sa hannu, 'yan majalisa su tambaye shi wa zai biya kuɗin sabunta lasisin manhajar a shekarar da tallafin ya ƙare, kuma a wane layi na kasafin kuɗi aka rubuta shi.