Dubu saba'in ɗin ba ta shigo layinmu ba

Jiya bayan isha'i na tarar da maƙwabcina, malami a wata makarantar kuɗi, yana lallashin mai shago ya ƙara rubuta masa kwano ɗaya na masara a littafin bashi. Mutumin nan ba zaman kashe wando yake yi ba. Tun bakwai na safe yake fita, bayan la'asar ya zarce gida-gida koyar da yara. Duk da haka albashinsa ba ya ganin sha biyar ga wata.

Za a ce ai an ƙara albashi. An ƙara kam. A Yulin 2024 Tinubu ya sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi, daga naira 30,000 zuwa 70,000. To amma mu yi lissafi. A 2019 da aka tsayar da dubu talatin, ta haura dala 80. Dubu saba'in kuwa, ranar da aka amince da ita, ko dala 50 ba ta kai ba. Man fetur da muke saya ƙasa da naira 200 kafin a cire tallafi a Mayun 2023 ya taɓa haura 1,000. An ba mu da dama, an karɓe da hagu.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, dokar ma ba ta hau kan wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Yaron shago, mai gadi, tela, ɗan adaidaita sahu mai kai balas kullum, malamin Islamiyya, duk babu ruwansu da ita. Su ne kuma mafi yawa a unguwanninmu. Hasali ma da aka yi shelar ƙarin, kasuwa ta riga su ji.

Shi ya sa ni a ganina, maganar ba ta tsaya a abin da ke shiga aljihu ba, a dubi ramukan da yake zurarewa: kuɗin mota, asibiti, makaranta, haya. Motocin haya masu rahusa irin waɗanda Zulum ya zuba a Maiduguri sun fi mini rabon shinkafa sau goma, don ba sai ka san kansila za ka hau ba. Haka inshorar lafiya: tun 2022 doka ta wajabta ta ga kowa, amma je ka tambayi mai shayin bakin titinku ko yana da kati. Zazzaɓin taifod ɗaya kan cinye adashin wata uku.

Mu ma masu ɗan hali, kada mu fake da gwamnati. Nawa kake biyan yaron shagonka? Yaushe rabon ka ƙara wa mai aikin gidanka ko sisi?

Mai shagon dai ya auna masa masarar. Ya ce wannan ce ta ƙarshe sai an rage tsohon bashi.