Gabar Abuja da Yamai, mutanen bakin iyaka ke biyan kuɗinta

Jama'a, akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai zan faɗe ta ko da wasu za su ji haushi. Duk mai son zaman lafiyar Sakkwato da Kebbi da Zamfara da Katsina da Jigawa da Yobe da Borno, dole ya so sojan Najeriya da na Nijar su koma aiki tare a bakin iyaka, ko da kuwa shugabannin ƙasashen biyu ba sa ga maciji da juna. Jihohin nan bakwai su ne suka yi iyaka da Nijar, iyaka mai tsawon kilomita kusan 1,500, mafi yawanta gona ce da daji da burtali. Babu rundunar da za ta iya tsare ta daga gefe guda.

Ranar 26 ga Yulin 2023 dakarun fadar shugaban ƙasar Nijar suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum, Janar Abdourahamane Tiani ya hau mulki. Kwana huɗu bayan haka shugabannin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ECOWAS, suka zauna a Abuja ƙarƙashin Shugaba Tinubu, suka ba da wa'adin mako guda, suka rufe iyakoki, suka ce in ta kama za a yi amfani da ƙarfin soja. Najeriya ta ƙara da yanke wutar lantarki, alhali kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar Nijar daga nan take tafiya.

Ni ba na goyon bayan juyin mulki, kuma ajiye Bazoum da matarsa a kulle ba tare da shari'a ba zalunci ne, ko wa ya yi shi. Amma a tambayi kai, wa ya sha wuyar wannan takunkumi? Janar dai bai kwana cikin duhu ba. Mai walda a Maraɗi ne ya rufe shago, da tela, da mai sayar da ƙanƙara, da ma'aikacin asibitin da firijin maganinsa ya mutu. A gefenmu kuma motoci suka yi jerin gwano a Illela da Jibiya da Maigatari da Kamba, direba na kwance ƙarƙashin tirela yana jin warin albasarsa tana ruɓewa a kansa, ba gaba ba baya. 'Yan kasuwar Dawanau sun san abin da suka yi asara. Kullum a wajen taro ana cewa Najeriya da Nijar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, amma ranar da za a yanke hukunci ba a kira ko mutum ɗaya da ke da suruki a Ƙonni ko kawu a Tsibiri an ji ta bakinsa ba.

Sai da sanatocin arewa suka tashi tsaye, majalisar dattawa ta ƙi amincewa da batun yaƙi, sannan hankali ya fara dawowa. Ku lura kuma da waɗanda aka buɗe wa ƙofa a Yamai. Tawagar farko ta Janar Abdulsalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi ta je da hular ECOWAS, ba ta ga Tiani ba. Malam Muhammadu Sanusi na biyu ya je tare da Sarkin Damagaram, ya gan shi. Malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau suka je, suka gan shi. Ashe muna da hanyoyin magana da Nijar waɗanda babu wata ƙasa a ECOWAS da ke da irinsu, muka ajiye su muka fara da barazana.

An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Nijar da Mali da Burkina Faso sun kafa ƙawancen ƙasashen Sahel na AES tun Satumban 2023, suka sanar da ficewa daga ECOWAS a Janairun 2024, ficewar ta tabbata bayan shekara guda. Bazoum bai koma kujerarsa ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganar Lakurawa. A Nuwamban 2024 hedikwatar tsaro ta fito ta ce ga sabuwar ƙungiyar 'yan ta'adda a Sakkwato da Kebbi. Mutanen Tangaza da Gudu sun san ba sababbi ba ne. Tun wajen 2018 suke nan, an ma ba su masauki ne don su kori 'yan bindigar da suka addabi jama'a, domin jama'ar sun gaji da jiran gwamnati. Da aka yi ƙorafi a lokacin, aka ce makiyaya ne kawai. Daga baya baƙon ya zama mai gida. Su shigo gari a kan babura, su tara mutane su yi wa'azi, su ƙirga shanun mutum su ce ga zakkarsa, su kora. Su karɓi wayar saurayi su duba, in suka tarar da waƙa a ciki ya sha bulala a bainar jama'a. A garin Mera da ke ƙaramar hukumar Augie suka kore shanu, mutanen gari suka bi sahu, aka kashe musu mutum 15. Allah Ya jiƙan su da rahama.

Hedikwatar tsaron da bakinta ta ce kafin juyin mulki ana sintirin haɗin gwiwa da sojojin Nijar, kuma tsayawar wannan sintiri ne ya ba su damar shigowa. To me ya rage a faɗa? Ɗan ta'adda zai kai hari a gefenmu, in an biyo shi ya tsallaka, sojanmu ya ja birki a kan layi, kuma babu wanda zai buga wa waya a can gefen ya ce ga su nan tafe. Haka yake yi wa sojan Nijar idan ya taso daga can.

Kada kuma 'yan uwanmu na Nijar su ɗauka laifin duk na Abuja ne. A Disamban 2024 Janar Tiani ya yi hira da Hausa, ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa don a yamutsa Nijar. Malam Nuhu Ribadu, mai ba shugaban Najeriya shawara kan tsaro, ya musanta. Zargi mai nauyi irin wannan, in akwai hujja a kai ta teburin jami'an tsaron ƙasashen biyu a baje ta. Watsa shi a talabijin ya ƙara wa talakawan ɓangarorin biyu zargin juna ne kawai. Sannan a Maris ɗin 2025 Nijar ta janye daga rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tafkin Chadi. Wannan babban kuskure ne, kuma Diffa da Bosso za su fara jin raɗaɗinsa kafin Maiduguri. Ba mu manta ba, a 2015 sojojin Nijar da na Chadi ne suka ƙwato Damasak daga hannun Boko Haram, garin Najeriya ne amma jinin 'ya'yansu ya zuba a kansa. Ba mu manta da dubban mutanenmu na Sakkwato da Zamfara da Katsina da suka gudu jihar Maraɗi aka ba su wurin kwana da abinci ba. Wanda ya yi wannan halacci bai kamata ya bar fagen a tsakiyar yaƙi ba.

Nijar ta kori sojojin Faransa a 2023, na Amurka suka bar Agadas a 2024, ta kawo na Rasha. Wannan haƙƙinta ne, ƙasa ce mai 'yanci. Sai dai Baturen Paris da na Mosko duk suna iya tattara kayansu su hau jirgi. Najeriya ba ta da inda za ta, Nijar ma haka.

Ku kuma samarinmu da ke kafafen sada zumunta, wani ya sa hoton Tiani wani ya sa na Tinubu kuna ta zagin juna, don Allah ku sassauta. Uwar da aka kashe wa ɗa a Gudu ba ta da riba a wannan musu.

Na san an ɗan motsa. Babban hafsan tsaron Najeriya na lokacin, Janar Christopher Musa, ya je Yamai a Agustan 2024, ministan harkokin waje na lokacin, Ambasada Yusuf Tuggar, ya bi baya a Afrilun 2025. Madalla, amma hoton musabaha ba ya tsare ƙauye. Abin da nake roƙo shi ne a ware maganar tsaron iyaka daga rigimar wa ya cancanci mulki. A dawo da sintirin haɗin gwiwa. Kwamandan da ke Illela ya riƙe lambar takwaransa na Ƙonni, kuma ya kasance yana da izinin kiransa da tsakar dare ba sai ya jira takarda daga Abuja ba. A yarda cewa wanda ya biyo ɓarayin daji zai iya tsallaka layi bisa ƙa'idar da aka amince da ita. Akwai hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar da aka kafa tun 1971, ofishinta na Yamai, a ba ta kuɗi da aiki. Gwamnonin jihohin nan bakwai su daina jiran ministan harkokin waje, su matsa wa fadar shugaban ƙasa lamba a ba su damar zama da gwamnonin Dosso da Tawa da Maraɗi da Damagaram da Diffa, tare da sarakunan ɓangarorin biyu, domin su ne suka san wane baƙo ya kwana a wane ƙauye.

Duk mai sanata ko ɗan majalisar tarayya daga waɗannan jihohi, in ya zo gida ta'aziyya ko ɗaurin aure, ya tare shi cikin ladabi ya tambaye shi inda maganar sintirin iyaka ta kwana.